Tawadar da Ba Ta Zama a Yatsa

"Ku matso," in ji Yaya Kubura, ta rage hasken fitila. "Kai Nafi'u, in ka san za ka jiƙa mana tabarma, tashi tun yanzu."

Ba wanda ya motsa. Ta yi ƙasa da murya, ta fara ba mu labari.

Muna makarantar koyon jinya aka tura mu aikin sa kai a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Rigakafi muke yi gida-gida. Ka ɗiga wa yaro magani a baki, ka shafa masa tawada a ƙaramin yatsa. In yaran gida sun ƙare, ka ja alama da alli a bango. Kuma biyu-biyu ake tafiya. Amma ƙawata Lubabatu, uwar rawar kai, ta ce ina jan ƙafa, ta yi gaba abinta.

Rana tsaka ta hango wani gida bayan gonaki, bangonsa ba alama. Ta yi sallama. Aka amsa tun ba ta rufe baki ba.

Wata tsohuwa ce zaune a tsakar gida.

"Sannu, Inna. Akwai yara?"

"Akwai. Zauna."

Suka fara fitowa. Ba mai kuka, ba mai gudu. Kun taɓa ganin yaron da ya ga 'yan rigakafi bai tsandara ihu ba? Lubabatu ta fara ɗiga musu magani, bakinsu sanyi kamar ruwan randa. Ta shafa wa na farko tawada, tana kallo ta ɓace. Ya zagaya ya sake bin layi.

Ta dubi ƙasa. An share tsakar gidan tas, sawunta kaɗai ne a kai.

Ta waiga inda ta shigo. Babu ƙofa, bango ne.

"Inna, zan tafi."

"Ai ba kwa fita sai kun gama. Ku kuka ce."

"In maganin ya ƙare fa?"

"Sai ki zauna ki yi mini reno."

Tsoro ya kama ta, domin abin da ya rage a kwalba bai taka kara ya karya ba, layi kuwa sai ƙaruwa yake. Ta laluba aljihu, ta ji alli. Da bismilla ta ja alamar an gama a jikin bangon.

Bango ya buɗe. Tana zura ƙafa wani yaro ya cafke hannunta, ya shafa mata tawada.

"Don mu gane ki a zagaye na biyu," in ji tsohuwar.

Ni na tsince ta a jikin wani kango, alamar allinta a bangon, ta ciki. Na rungume ta ina kuka. Mun wanke yatsan da sabulu, da kananzir, har yau tawadar tana nan. Duk sanda aka yi shelar rigakafi, yatsan sai ya ɗau sanyi, ta kulle kanta a ɗaki.

Don haka ke Murja, mai son zama nas, in aka ce biyu-biyu, ki jira 'yar'uwarki ko da rarrafe take.