Mita da Gitar Yaya

Akwai wata yarinya, a gidansu Injiniya ake ce mata. Shekarunta goma sha ɗaya, amma in ta riƙe mitar gwada kayan lantarki sai ka ce ita ta ƙera ta. Babanta mai gyaran rediyo ne, shi ya koya mata. Ita kuwa sunan nan ya shiga kanta sosai.

Ranar bikin raba kyaututtuka a makaranta, Yayanta ne zai kaɗa gitar lantarki da ƙarfe huɗu. Wata biyu yana koyon kiɗan. Da hantsi ya sa doguwar waya ya jona gitar da sifika, ya taɓa tsirkiya. Shiru.

"Na shiga uku!" in ji Yaya. "Ga Baba ya fita sayo kayan aiki."

"Kwantar da hankalinka," ta ce. "Ba ga ni ba?"

"Ki bari Baba ya dawo."

"Yaya, kai dai je ka yi wanka. Kafin ka fito na gama."

Ta ɗora gitar a kan teburin Baba. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai wani ɗan ƙarfe mai ɗaukar sauti, ana ce masa fikof. In yana da lafiya, mita takan nuna lamba. In ya mutu, ba ta nuna komai.

Ta bar doguwar wayar a jikin gitar. Ta ɗora tsinkayen mita, ja da baƙi, a ɗaya bakin wayar. Mita ba ta nuna komai ba.

"Ai na sani!" ta ce. "Fikof ya mutu."

Ta ɗauko sukudireba ta kwance shi. Ta sa filaya ta datse wayoyinsa biyu, ƙat, ƙat. Wai in Baba ya dawo, sai dai ya sa sabo kawai.

Da azahar Baba ya shigo. Ta tare shi da murna. "Baba, na gano matsalar ni kaɗai!"

Baba ya matsa kusa da teburin. Ya ɗauki fikof ɗin, ya ɗora masa tsinkayen mita. Nan take lamba ta fito.

"Karanta mini," in ji shi.

"Bakwai da ɗigo biyu," ta ce a hankali.

"To, wannan ya yi miki kama da matacce? Ta ina kika auna ɗazu?"

"Ta doguwar waya."

"Ita wayar, kin auna ta ita kaɗai?"

Ta sunkuyar da kai. Baba ya miƙa mata mita. Ta taɓa bakin wayar na nan, ta taɓa na can. Ba komai. Ashe wayar ce ta tsinke ta ciki. Da ta canja waya, da tun safe an gama.

Yaya ya dubi gitarsa a kwance, idonsa ya cika da hawaye. "Ai sai da na ce ki bari."

"Ka yi haƙuri, Yaya. Laifina ne."

"Haƙurin zai yi mini kiɗa?"

Kunya ta kama ta. Baba ya ce, "Kuka ba zai haɗa waya ba. Riƙe mini nan."

Aikin bai yi sauƙi ba, don ta datse wayoyin gajeru. Ta riƙe, Baba yana narka dalma. Sau biyu suna zamewa. Yaya yana ta leƙen agogo.

Uku da rabi suka gama. Baba ya ba ta sabuwar waya. "Injiniya, bismilla."

Wannan karon ta fara auna wayar ita kaɗai. Lafiya lau. Sannan ta jona ta da gitar, ta ƙure maɓallin sauti, ta sake aunawa. Lamba ta fito.

Yaya ya taɓa tsirkiya. Sifika ta yi ƙara har Mama ta leƙo daga kicin tana cewa, "Za ku fasa mini kunne!"

Da gudu suka isa makaranta. Yaya ya kaɗa, aka yi ta tafi. Ba wanda ya kai ta tafi.

A hanyar gida Yaya ya ce, "Gobe rediyona ma a duba mini."

"Zan duba," ta ce. "Amma ba zan yanke komai ba sai na auna kowane abu ɗaya bayan ɗaya."

Tun daga ranar ta gane cewa iya aiki ba gaggawa ba ne. Ka bincika da kyau kafin ka yanke hukunci.