Maƙwabtan Da Ba a Tambaya Ba

Dutsen farko ya faɗo ne dab da magariba, Mai Hatimi na tsugune a tsakar gida yana alwala. Ya ɗauka, ya yi saurin yarwa. Da zafi dutsen yake, a jiƙe, yana ƙamshin sabulu.

"Yaran unguwa ne," in ji shi.

"Yaran unguwa har dafa dutse suke yi kafin su jefa?" in ji matarsa.

Ya ci gaba da alwalarsa. Shekara ashirin da biyu ya yi a ofishin tsara birni, kuma a can ya koyi cewa abin da ba ya cikin fayil bai faru ba. Shi ya buga wa sabon gidan wankin da ke bayan katangarsa hatimi. A da kango ne, mai tsohuwar rijiya da aka cike. An liƙa sanarwa kwana ashirin da ɗaya, mai ƙorafi ya zo ya faɗa, ba wanda ya zo. Aka jera injina takwas, aka ja bututun ruwan datti ta gindin katanga, ya sauka daidai bakin rijiyar.

Kullum rana ta yi ja sai duwatsu su fara. Shanya ta daina bushewa a gidan. Daga magudanar banɗaki ana jin wani siririn sauti, wanda Mai Hatimi ya ce iska ce a bututu, matarsa kuma ta ce ita dai ta haifi biyar, ta san kukan jariri.

A rana ta tara, Auta, 'yarsu mai shirin jarrabawa, ta ajiye littafi ta naɗe tawul ta rungume, tana jijjigawa tana hura masa iska. Duk sa'ad da inji ya saki ruwa a bayan katanga, sai ta ƙwalla ƙara ta duƙunƙune a kan tawul ɗin. Likita ya ce gajiyar karatu ce. Mai Hatimi ya ji daɗin bayanin ƙwarai, don a rubuce aka ba shi. Bayanin bai hana Auta kwana uku ba ci ba sha ba.

Matarsa ce ta kira Malam, ba ta nemi izini ba, shi ma bai tambaya ba. Dattijo ne marar hayaniya. Ya zauna a ƙofar ɗaki bayan magariba, ya yi ta karatu a hankali, har gidan ya yi tsit, ba a jin komai sai gurnanin injina. Can Auta ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta wata babbar mace ce, wadda kuka ya dusar.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Maƙwabciya."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba komai. Nawa ɗan ma bai yi wa kowa komai ba." Ta gyara tawul ɗin. "Tun kafin a haifi kakan wannan muke rijiyar nan. Duk matar da za ta zubar da ruwan zafi sai ta yi bismillah, mu ji, mu janye 'ya'yanmu. Wannan ƙarfen ba ya magana, Malam. Zubawa kawai yake."

Mai Hatimi ya ji bakinsa ya buɗe da kansa. "An liƙa sanarwa, baiwar Allah. Kwana ashirin da ɗaya."

"Ka taɓa ganin ɗayanmu a layin ofishinku?"

Bai taɓa ba.

"Soke takardar, in tafi."

Ya yi mata bayani, gumi na bin wuyansa. Mai gidan wankin bai karya doka ba. Sokewa sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuwa sau biyu yake zama a shekara, in an dace. A ofis ya saba faɗin wannan da sanyin rai. Bai taɓa faɗa wa fuskar 'yarsa ba.

"Ka ji ko, Malam? Yana da hannun bugawa, ba shi da na cirewa."

Malam ya yi ta lallashi, yana haɗa ta da Allah, tana ja yana ja. Daga ƙarshe ta sauko. Ta ce da rana suna can ƙasa, ruwan ba ya kai musu. Amma daga jan rana zuwa rufe shagon wankin yaransu na waje. Sai wani ya tsaya bakin bututu ya yi bismillah kafin kowane ruwa ya sauko.

Ta nuna Mai Hatimi. "Shi da kansa. Ranar da ruwa ya zubo ba a ce komai ba, na san hanyar ɗakinta."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta dubi kowa, ta ce, "Baba, me ya sa kake kuka? Wa ya jiƙa mini littafi?"

Tun daga nan Mai Hatimi yake fita da 'yar kujerarsa bayan la'asar. Ya san muryar injina takwas ɗin kamar ta 'ya'yansa. Na uku yakan yi tari kafin ya saki ruwa, na bakwai ba ya gargaɗi. Sallar magariba ma sai ya roƙi ma'aikaciyar shagon ta dakatar da su. Mai shagon ya ɗauka binciken ofis ne, yana ta gaishe shi da ladabi. In an tambayi Mai Hatimi, yakan ce iska yake sha.

Wata biyu a haka, wata Litinin ya tarar da fayil a teburinsa: gidan wankin na neman ƙara inji shida, da aiki dare da rana. Darakta ya riga ya sa hannu, da 'yar takarda a sama: a liƙa sanarwa, a buga hatimi.

Da yamma ya zo da kwafin sanarwar. Ya tsuguna bakin bututun ya karanta ta da ƙarfi, daga sama har ƙasa, har da lambar fayil. Ya jira. Tururi kawai ke tashi.

"Sun ce wani abu?" in ji matarsa ta saman katanga.

"Ko sun ce," ya naɗe takardar, "ba a karɓar ƙorafi sai a rubuce."

Inji na uku ya yi tari. Ya ce bismillah.