Allon da Na Jona a Shagon Yayana

Wata biyu da rasuwar yayana, kwamfutarsa tana kunne a shagonsa na buga takardu. Allonta ya mutu tun yana raye. Matarsa ta hana a kashe ta, don babu wanda ya san lambar sirrin, kuma hotunan yaransu da takardun gida duk suna ciki.

"Ƙanina, ka aro allo ka jona mata," in ji ta. "Amma don Allah kar ka kashe."

Na kira mai gyara a waya, na tambaye shi ko akwai haɗari a jona allo alhali kwamfuta na aiki.

"Babu komai, kullum muna yi. Kai dai kar ka tura da ƙarfi, kuma hannunka ya zama a bushe."

Na aro allo a wurin wani abokina, gab da magariba na buɗe shagon. Warin tawada da tsohuwar takarda ya tare ni. A ƙarƙashin tebur fankar kwamfutar na ta gurnani. Na durƙusa na jona kebul. Allo baƙi ƙirin. Na cire, na hura ramin, na mayar. Shiru. Sau shida ina yi, gumi na shiga idona, gwiwata ta yi tsami.

"Wannan wace irin jaraba ce?" na ce, na daki teburin.

Fankar ta tsaya cak.

Allon ya kawo haske. Farin shafi, babu komai a kai. Sai na ji ƙas, ƙas, ƙas. Madannai suna nutsewa ɗaya bayan ɗaya, babu hannu a kansu. Rubutu ya fito a kan allon.

*Wa ya buɗe mini taga?*

"Yaya?" na ce a hankali.

*Ya tafi. Ni ne na zauna.*

Wari ya canza, kamar gashi na ƙonewa. Na kai hannu bayan teburin don in zare wayar wuta, hotuna ko ba hotuna. Na lalubo ta a ƙasa, cikin ƙura. Ba a jone take ba.

*Matso. Ban gan ka da kyau ba.*

Na kama kebul ɗin allon na ja. Daga ciki aka ja shi.

Na saki. Na yi waje da rarrafe, ƙofa ta ƙwace mini takalmi ɗaya.

Washegari mai gyara ya buɗe kwamfutar a gabanmu. Cikinta toka ce zalla. Matar yayana ta zauna a bakin ƙofa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar.

Na mayar wa abokina allonsa, ban ce masa komai ba. Bayan kwana uku ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kai, wa ka ba sunana a can? Allon nan sai rubuta shi yake yi."