Ke Ta Sama

Washegarin sallah ne, da la'asar sakaliya, Ja'afaru ya ɗebi iyalinsa a keke napep daga unguwar Tirwun zuwa wani sabon wurin wasan yara. Akwai lilo a wurin, ƙaton ƙarfe mai kama da tayar keke, da kwandunan zama rataye a jikinsa. Radiyya, 'yarsu ta fari, ta nace sai ta hau. Uwarta Rabi'atu ba ta so ba, amma ba ta tanka ba. Bafulatana ce ta gidi, kunyar 'yar fari ba ta barinta ta nuna damuwa da yarinyar a gaban mutane, balle ta kama sunanta. Tun da ta haife ta "ke" take ce mata.

Dab da magariba janareto ya yi tari ya mutu. Lilon ya tsaya cak. Kiɗa ya ɗauke, ya rage kukan yara kawai. Ja'afaru ya ruga neman mai gyara, ma'aikata kuma suka kawo tsani da igiya suna sauke mutane kwando-kwando, har ya zama saura Radiyya kaɗai a can ƙololuwa, ta ƙanƙame ƙarfe da hannu biyu.

Ma'aikacin da ya hau wajenta ya leƙo ƙasa. "Hajiya, kira sunanta mana! Ta ƙi sakin ƙarfen!"

Rabi'atu ta dubi taron jama'a, bakinta ya yi nauyi. "Ke ta sama," ta ce da ƙyar, "sauko mu tafi gida."

Nan take yarinyar ta saki ƙarfen. Ta sauko ba kuka ba rawar jiki, har mutane suna yaba mata jarumta.

Daga ranar gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Rana na faɗuwa tsakuwa za ta fara zuba a kan kwanon rufin gidan, a fita a duba babu kowa. Radiyya kuwa sai ta haye gado, ta damƙe ƙarfensa, ta ɗage ƙafafu kamar ƙasan ta yi mata nisa. Da 'yar siririyar murya take cewa, "Ku sauke ni. Kowa ya tafi." Rabi'atu takan tsaya a bakin ƙofa, ba ta iya shiga, ba ta iya tafiya.

Da abin ya ci tura, Ja'afaru ya ɗauko Malam Hafizu, mai ruƙiyya daga unguwar Wunti. Malam ya zauna gaban gadon ya fara karatu a hankali. Bai yi nisa ba yarinyar ta juyo, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Malam, daina ƙona ni. Baƙuwa ce ni, ba ɓarauniya ba."

"Wa ya gayyato ki?"

"Matar gidan. Tun kafin a kafa ƙarfen nan nake zaune a saman wurin. Mu biyu ne a kwandon, aka ce ke ta sama, sauko mu tafi gida. Ban ji an ambaci sunan kowa ba, sai na amsa."

"Ina yarinyar?"

"Tana inda kuka bar ta. Wa ya kira ta?"

Malam ya ɗaga murya da karatu, jikin yarinyar ya shiga karkarwa.

"Zan fita!" in ji muryar. "Amma in na fita ba a kira mai jikin ba, gangar jiki zan bar muku."

Ja'afaru ya faɗa kan gadon yana kiran sunan 'yarsa. Tsohuwar ta yi dariya. "Ba kai ba. Bakin da ya sauko da ni, shi zai sauko da ita. Ga ni nan fita."

Yarinyar ta yi wata atishawa mai ƙarfi. Tsakuwa ta daina zuba. Kanta ya langaɓe, numfashinta ya fara ja da baya, yatsunta kuwa suna nan kafe a jikin ƙarfe.

"Malama Rabi'atu," in ji Malam, "ba lokaci."

Rabi'atu ta shigo ta durƙusa. A gaban mijinta, a gaban baƙon namiji, ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ta ji jikin 'yarta yana sanyi a tafinta, tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Radiyya," ta ce. Sai ta kwarara shi da dukkan ƙarfinta. "Radiyya! Sauko, ga ni!"

Yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafun suka sauko suka taɓa ƙasa. Radiyya ta buɗe ido, ta daɗe tana kallon uwarta.

"Ina ta jira, Inna," ta ce. "Na ɗauka ba ki san sunan ba."