Mai Neman Gidan Janar

Zaharadden direban tasi yana dawowa daga unguwar Khumra da tsakar dare sai wani ɗan ƙasar Sin ya tsayar da shi, sanye da tsohon kakin soja. Yana shiga, motar ta ɗauki sanyi da warin albarushi.

"Kai ni gidan Janar ɗin nan da ya gudo daga ƙasarmu," in ji shi da Hausa tsantsa.

"Alhaji, ai ya rasu tun kafin a haife ni. Jikokinsa ne a gidan."

"Su nake nema. Kakansu ne ya binne mu da rai. Yalla, mu je."

Zaharadden ya dubi madubi. Mutumin yana murmushi, jar ƙasa tana zubowa daga bakinsa.