Kujerar Gaba

Ranar wata Talata da hantsi Falmata ta shigo garejin Oga Boniface da ke Sabon Gari da motar mahaifinta, fuskarta a murtuke. Gareji na huɗu ke nan, kuma duk bakinsu ɗaya: a cire kwamfutar motar a yar, a sa wata.

Wani saurayi ya fito daga ofis da laftof a hammata. Hamzat ke nan, ɗan gidan malamai da ya gama karatu ya zaɓi baƙin mai.

"Hajiya, me take yi?"

"In an hau gada sai ta kama kas-kas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani."

Ya jona waya a ƙarƙashin sitiyari, ya ɗan duba. "Kwamfutarta lafiya lau. Daga Turai aka saita ta da man can. Turbo yana danna iska, filogi yana ba da wuta da wuri, namu fetur ɗin kuma ba ya jurewa, sai ya fashe kafin lokaci. Taimin ɗin, wato lokacin ba da wutar, zan ja baya, kaɗan-kaɗan."

Ita dai rabin bayanin ta ji. Sauran rabin, yatsunsa take kallo.

Kafin sati ya zagayo, ta koma Nurul Ƙalbi, shi kuma Injiniyana. Da maganar ta isa Fagge, mahaifinta Alhaji Dabo ya ce sam. Ga Bahauddeen, ɗan ƙanwarsa, mai shago biyu a Kantin Kwari, me za a yi da bakanike? "Mota na ba shi gyara, ba 'ya ba."

Wannan bai girgiza Falmata ba. Abin da ya girgiza ta a titin Murtala Muhammad ta gan shi, tana cikin Adaidaita. Motar babanta ce ta wuce da gudu, wata kyakkyawar yarinya tana tuƙi, Hamzat a kujerar gaba ya karkata wajenta yana magana. Ta ce gizo idonta ya yi mata. Sai ga su sun dawo. Sai ga su sun sake wucewa. Sau uku! Kishi ya turnuƙe ta har ta manta inda za ta sauka.

"Sannu da shan iska. A motar ubana kuma," ta rubuta masa.

"Nurul Ƙalbi, Ogechi ce, 'yar Oga. Wannan aikin sai mutum biyu, ɗaya na tuƙi, ɗaya na karanta laftof."

"Duk Sabon Gari an rasa namiji mai tuƙi?"

"Ƙafarta ce ba ta rawa a kan totur."

Kai, Hamzat! Wa ya aike ka yabon ƙafa? Ta kashe wayar.

Washegari ta ɗauki ɗayan makullin, ta kira Bahauddeen, wanda dama jira yake. Suka isa garejin lokacin Hamzat na masallaci sallar azahar, Bahauddeen ya ja motar. A bakin titi suka gifta shi. Hamzat ya ga Falmata a kujerar gaba tana dariyar da ba ta kai zuci ba. Ya rubuta saƙo mai ɗaci, ya goge, ya rubuta wani:

"Ki zauna kusa da wanda kike so. Amma don Allah kar ya take ta. Saitin ƙaramin gudu na gama, na babban gudu inda turbo ke cika ban taɓa ba."

Ta karanta a fili. Bahauddeen ya yi tsaki. "Bakanike ne zai koya min tuƙi?" Suna hawa gada ya danne totur har ƙasa.

Kas-kas-kas! Wata fitila ta kama a gaban sitiyari, motar ta saki jiki, ta koma tafiya kamar amalanke. A haka suka rarrafa har Fagge, 'yan Adaidaita na yi musu hon.

Alhaji ya aika a kira Hamzat, yana huci. "Ka kashe min mota!"

Hamzat ya durƙusa ya gaishe shi, ya jona laftof. "Ba ta mutu ba, Alhaji. Kwamfutar ce ta ji ƙarar, ta rage ƙarfin injin da kanta. Da ta bar shi, fistin zai iya narkewa."

Alhaji ya waiwayi Bahauddeen, wanda shi ya fi kowa nacin a yar da kwamfutar. Bahauddeen ya shiga gyaran hula.

"To wa ya ɗauko ta ba a gama ba?"

Hamzat ya san amsar, amma ya sunkuyar da kai.

"Ni ce, Baba," in ji Falmata daga bakin zaure. "Ya hana. Kishi ne ya sa ni."

Alhaji ya nuna motar. "A ƙarasa aikin yau, a gabana."

Aka kira Ogechi. Tana zuwa ta dubi Falmata, ta kwashe da dariya, ta miƙa mata makulli. "Ƙawata, karɓi kayanki. Ni na gaji da shi. Kwana uku ba ya cewa komai sai taka, saki, taka, in ya huta kuma Falmata, Falmata."

Haka aka fita: Falmata a sitiyari, Hamzat da laftof a gefenta, Alhaji a baya ya harɗe hannu.

"Giya ta uku. Taka a hankali. Saki." A tsaya, ya ja taimin baya da digiri ɗaya, a sake hawa. Sau tara suka hau gadar nan, bai ɗaga murya ba ko da ƙafarta ta yi rawa. A hawa na goma motar ta haye sumul, ba ko kas.

"Malam Hamzat," in ji Alhaji, "haka kake bin komai, ɗaya bayan ɗaya?"

"Haka na iya, Alhaji."

"To wannan da ke kusa da kai wutarta da wuri take kamawa. Ka turo magabatanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Fagge. Da la'asar za a kai amarya, Ogechi ce ta ce ita za ta tuƙa. Hamzat ya zo sallama da babbar riga, sabo ya sa ya kama murfin ƙofar gaba zai shiga.

Daga cikin lulluɓi aka ce, "Injiniyana."

Ya saki murfin kamar ya taɓa wuta, mata suka ɗauki guɗa. Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Kujerar gaba kuwa, a ranar, akwatin turaren amarya aka ɗora a kai.