Man Bitamin a Ƙirjin Maman Lois

Kun gani, kada ku ce ba ku gani ba. Kuna zaune a coci a Yelwa ranar da Manasseh mai tallan magunguna ya miƙe bayan sujada, ya ce bitamin E na narkar da ƙullutun nono. Kuka tafa masa, har da masu digiri a cikinku.

Tobiya ne kaɗai bai tafa ba, ɗalibin jami'a mai binciken ƙwayoyin halittar nono. A bakin ƙofa ya hangi wata budurwa, Lois, riƙe da kwalba biyu na bitamin ɗin, ya tambaye ta na wane ne. Ta ce na mamanta ne. Wata huɗu ke nan Maman Lois tana huda ƙwayar da allura, tana shafa man a kan wani ƙullutu a nononta na hagu.

Ya yi mata bayani a hankali. Idan jiki ya sarrafa sinadarin estrojin, yakan bar wani saura mai cin ƙwayoyin nono kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. A kwanon gwaji, bitamin E kan rage wannan ɓarnar.

"To ai ka yarda da shi ke nan," in ji Lois.

"A kwano, 'yar'uwa. Mamanki ba kwano ba ce."

Ta yi dariya, sai kuma hawaye. Daga ranar suka shaƙu.

Da Tobiya ya nemi aurenta, mahaifinta, Baba Simeon, ya ce atafau. Wai yaron da ke ambaton nonon matar da yake so ta zama surukarsa ba shi da tarbiyya, ga kuma Manasseh mai ladabi, mai kawo kwalabe kyauta, shi ma yana neman Lois. Dattawa suka gyaɗa kai. Mace na ramewa a gabansu, su kunyar kalma ce ta dame su.

Manasseh ya raɗa wa Lois cewa Tobiya sunan mamanta kawai yake so ya saka a takardar bincikensa. Sati biyu ba ta ɗaga wayar Tobiya ba, sai saƙonsa ya shigo:

"Zumata, ki ƙi ni in kin ga dama. Ranar Talata likitar mata na duba nono a asibiti. Ki kai Mama. Ni ba zan zo ba."

Bai zo ba. Ita ta kai ta. Likita ta ce sankara ce, sai an yi mata aiki; da sun ƙara wata uku, da ba wannan zancen ake yi ba.

Bayan an yi aikin, Maman Lois ta kira mijinta bakin gadonta.

"Baban Lois, yaron nan marar kunya, shi nake so ya shigo gidana."

A Disamba aka ɗaura auren a Kachalla Sembe. Maman Lois ce ta dafa kawunansu ta sa musu albarka, Tobiya na riƙe da hannun amaryarsa. Allah ya ba su zaman lafiya.

Kun ci shinkafar bikin, kun koma gida. To yau ɗin nan, ke da kai, ku zaunar da mahaifiyarku, ku tambaye ta ko tana jin wani abu a nononta. Ku faɗi kalmar da bakinku. In ta ce e, ku kai ta asibiti gobe da safe.